Attaruhun da Bai Hau Jirgi Ba

Idona ba ya son takarda yanzu, kuma da kun bar ni da ban rubuta wannan ba. Amma ran sunan 'yar Hadiza ina ɗaki ina jin ku a tsakar gida, kun ɗauka barci nake. Aminu ya ce da ba don ni ba da yanzu gidan nan yana da hannu a harkar filin jirgi. Hadiza ta ce ai gara da na hana, damfarar Baba aka so yi. Kuka yi ta ja, kowa yana magana kamar a gabansa aka yi, alhali a shekarar Aminu yana makarantar kwana, Hadiza kuwa ko wanke-wanke ba ta iya ba. Duk ku biyun ba ku faɗi daidai ba. Ba a damfari Babanku ba, ni kuma ba don mugunta ko rashin wayewa na ƙi ba. Ku karanta, in kun gama ku daina yi wa mamaci da mai rai shari'a a gidan suna.

Babanku, bayan ya bar aikin gona na gwamnati, shago ya buɗe a kasuwar Birnin Kudu yana sayar da taki da iri da maganin feshi. Mutum ne mai sanyi, wanda in ya sayi hula sai ya kwana yana tunani kafin ya saka. Shi ya sa ban kawo komai a raina ba ranar da amininsa Alhaji Bello, mutumin Dingaya mai sayen riɗi da zoborodo, ya zo ya ɗauke shi zuwa wani taro a birni. An ce taron na masu neman inda za su zuba jari ne a harkar jiragen sama. Na ɗauka shinkafar taro za su ci su dawo. Da la'asar Babanku ya shigo, bai ko cire babbar riga ba, ya tsaya a kaina ina tankaɗe.

"Hajiya, kin san nawa ake sayar da attaruhu a ƙasashen waje?"

"Ban sani ba, Alhaji. Ruwan wankanka na bayi."

"Mutanenmu da ke can ɗanye suke nema, ba busasshe ba. A tsinke shi yau a Kangire, gobe yana tukunya a can. Ga fili an gina, ga titin jirgi, ba abin da ke tashi sai alhazai sau ɗaya a shekara. Jirgi zai zo da kaya ya koma ba komai a cikinsa. Wannan gurbin shi ne arzikin."

Na ce Allah ya sa alheri, na ci gaba da tankaɗe. Da na san abin da ke tafe da na ajiye rariyar na saurare shi da kyau, ko don in san ta inda zan tare.

Daga ranar gidan nan ya canza. Su shida suka haɗu suka yi kamfani, da shi da Alhaji Bello da surukin Alhaji Bello wanda ya taɓa aiki a sashen kaya na wani filin jirgi a kudu, da wasu uku daga Gwaram. Ɗakin baƙi ya cika da kwalaye masu huji-huji. Zaure ya koma ofis, ba dama mace ta wuce sai ta gaisar da maza shida. Aka kawo sikeli aka kafa a gindin darbejiya, inda nake shanya. Mutumin da bai taɓa sanin inda ludayi yake ba ya koma shiga kicin yana ɗaukar attaruhun miyata yana juya shi a rana, yana cewa wannan ya yi, wannan bai kai ba. Ko ana cin abinci aka ji ƙugi a sama sai ya fita tsakar gida ya ɗaga kai, hannu duk miya. Kakarku Inna, mahaifiyarsa, tana zaune da mu a lokacin, kunnenta ya yi nauyi amma bakinta bai yi ba. Ya zauna ya yi mata bayani da ƙarfi, har maƙwabta na ji, cewa sai an yi wa kayan takardar shaidar lafiya kafin su hau.

"Shi barkonon?" in ji Inna. "Har da hoto za a ɗauke shi? Ni da na haife ka sau ɗaya na hau jirgi, shi ma sai da na tsufa."

Ba na so ku ɗauka tun farko na juya masa baya. Ina da raguna da nake turkawa don Babbar Salla, na shekara ina ba su dusa da harawa. Da ya ce kowa zai kawo abin da ya samu, ni da kaina na sa aka kira dillali. Bai roƙe ni ba. Na ga yadda idonsa ke haske, abin da ban gani ba tun da ya bar aiki, na ce ragunan ba su fi wannan ba.

Da rani suka bi manoman lambu na Kangire da Dingaya da Fagam, suka raba musu iri, suka nuna musu yadda ake so a tsinka da hancinsa, kada a murje. Da lokaci ya yi aka kawo kayan gidan nan. Na tara matan unguwa muka zauna muna tsincewa, muna gogewa da tsumma ɗaya bayan ɗaya kamar masu yi wa jarirai wanka, muna jerawa a kwali. Gaskiya ban taɓa ganin attaruhu mai kyan wannan ba. Bayan sallar asuba aka loda mota, Babanku ya sa farar shadda ya shiga gaba kusa da direba. Liman ya yi addu'a. Yaran unguwa suka bi motar har bakin titi.

Jirgin bai zo ba. Kamfanin da ke da shi ya aiko cewa an ɗaga zuwa gobe. Goben ta zo aka ce an karkatar da shi wani gari, a ƙara haƙuri. Su kuma ba su da ɗakin sanyi, ba su da mota mai firji, sai tamfol da suka rufa a kan kayan, a tsakiyar watan zafi. Babanku ya ƙi dawowa gida. A masallacin wurin yake kwana, da rana yana zagaya motar yana yayyafa wa tamfol ruwa da buta. Ranar da jirgin ya sauka, ma'aikacin da ke duba kaya ya buɗe kwali, ya sa yatsa, yatsan ya nutse. Ya ce ba zai iya sa hannu ba. Kuma bai yi zalunci ba, na ga kayan da idona, ni ma ba zan sa ba.

Motar da ta tafi da addu'a ta dawo da azahar tana ɗiga. Shaddar nan ta koma kamar tsumman goge kicin. Ya sauko bai kalli kowa ba, ya ce wa direba a kai juji. Nan ne na fara ɗaga murya a wannan shekara.

"Juji? Ragunana ne a cikin motar nan, Alhaji. A sauke."

Aka sauke. Muka zubar da wanda ya narke, muka tsaga sauran muka shanya. Ba inda bai ga attaruhu ba: tsakar gida, saman kwano, kan katanga, filin bayan gida, har gidan maƙwabta uku na ara. In iska ta kaɗa sai unguwa ta ɗauki atishawa. Hannuna ya yi ta zugi har alwala ta zama azaba, in na manta na taɓa ido sai in yi ta hawaye kamar an yi min rasuwa. Kajina suka ci suka bi gida da zawo. Inna ta haɗa kayanta ta koma gidan 'yarta, ta ce ba za ta mutu da tari saboda jirgin da ba ta gani ba. Hadiza, kukan da kika yi ta yi a watan nan shi ne kawai shaidarki a wannan magana. A kasuwa kuma aka sa wa Babanku suna Matuƙi. Yana wucewa wani zai ce, Alhaji yaushe za mu tashi? Shi kuwa sai da ya sayar da motarsa don kada asarar ta faɗa kan manoman da suka yarda da shi. Ya koma hawa acaɓa, da girmansa. Wanda aka damfara ba haka yake yi ba, Hadiza. Babu wanda ya gudu da komai. Zafi ne da rashin shiri suka cinye kayan.

Na ɗauka shi ke nan, zazzaɓin ya sauka. Ashe yanzu ya fara. Suka sake zama a zaure, suka ce ai yanzu sun gano inda matsalar take: a sayi mota mai firji, a gina ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana kusa da filin jirgi, sauran masu kaya ma su riƙa haya. Kowa ya ƙara jari. Babanku ba abin da ya rage masa sai shago da gidan da muke ciki. Sai ya tuna da lambun Fagam.

Kun san lambun, amma ba ku san yadda aka raba shi ba. Da mahaifina ya rasu aka yi rabon gado, yayana Sule ya sami ɓangaren tudu mai faɗi, ni na sami ƙaramin yanki na gangare. Sai dai nawa ne ke bakin rafi. Duk ruwan da Yaya Sule ke ba tumatir da albasarsa ta cikin nawa yake bi, a magudanar da mahaifinmu ya haƙa da hannunsa. Ban taɓa noma wurin ba, shi ke nomawa ya aiko min da buhun albasa da mangwaro. Akwai wani attajiri da ya daɗe yana son yankin, kuma kowa ya san in ya saya, wayar shinge zai kewaye shi da ita.

Da hantsi Babanku ya same ni, bayan yara sun tafi makaranta, ya zauna a kan turmi, abin da bai taɓa yi ba.

"Hajiya, magana nake so mu yi a kan wurinki na Fagam."

"Ina ji."

"Ba ki noma shi. Abin da yake kawo miki a shekara bai kai abin da zai kawo a wata ɗaya ba in aka sa shi a wannan harka. Da sunanki za a rubuta, ba da nawa ba."

"Shi kuma Yaya Sule ya ba albasarsa me? Sunana?"

"Sai ya haƙa rijiya."

"A kan dutse?"

Sai ya ce in je in ji ta bakin Sulen. Na shiga motar Gwaram ina fatan Yaya zai yi faɗa, ya ce bai yarda ba, in dawo in ce wa Alhaji ka ji, ba ni ba ce. Na same shi cikin lambu, wando a naɗe, yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya. Na faɗa masa komai. Ya jingina da fartanyar ya saurara har na gama.

"Talatu, rabonki ne. Allah ne ya ba ki, ba ni ba. In kin sayar ba ki ci haƙƙina ba."

"Yaya, ba fatawa na zo nema ba. Ka ce min in sayar ko kar in sayar."

"Mijinki mutumin kirki ne. Ba zan shiga tsakaninku ba."

"To in an sa waya fa?"

"Allah na nan."

Ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa. Na ji kamar in karɓe fartanyar in jefa a rafi. Namiji ɗaya ya ɗora min jirgin sama a ka, ɗayan ya ɗora min tawakkali, duk sun bar ni da kayan. Matarsa ta kawo min fura. 'Ya'yansu mata na can ƙasa suna cire ciyawa a cikin albasa. Gida guda ne cur yake ci daga ruwan nan. Kafin motar da na shiga ta fita daga duwatsun Fagam na gama yanke shawara.

Na faɗa wa Babanku da yamma, yana zaune a tabarma yana jiran magariba.

"Alhaji, ba zan sayar ba."

"Sule ne ya hana?"

"Bai hana ba. Ni ce na ƙi."

Na so in yi ƙarya in ce shi ne, da ta fi sauƙi a gare mu duka.

"Kin san in ban kawo nawa ba fita zan yi. Ni na kawo maganar, ni na sha rana, ni aka yi wa dariya. Yanzu da abin zai yi kyau sai in fita."

"Na sani."

"Kin ɗauka hauka nake."

"Ban ɗauka ba. Wataƙila ma ku ci riba. Amma ba da ruwan Yaya ba."

Da ya tsaya a nan da sauƙi. Sai aka fara aiko min da mutane. Alhaji Bello ya zo da kansa, ya zauna a ƙofar ɗakina yana yi min karatu kamar 'yar aji ɗaya: ƙasa tana girma, mutane na ƙaruwa, kowace jiha na son filin jirgi, wanda ya shiga da wuri shi ke cin gaba. Na ce Alhaji duk na yarda, ko kana da rafin da za ka ba yayana? Ya ce Hajiya ba a haɗa zumunci da kasuwanci. Na ce to shi ya sa ban haɗa ba. Aka aiko ƙanwar Babanku, aka aiko matar liman, har wata da ban taɓa gaisawa da ita ba ta zo tana gaya min haƙƙin miji. Kowa ya san abin da ya kamata in yi da gadon ubana. Inna ce kaɗai, da ta dawo ta ji, ta kira ɗanta ta ce:

"Garba, in ta ba ka, ka gode. In ta hana, nata ne. Kada in ƙara ganin wata ta shigo gidan nan da wannan magana."

Aiken ya tsaya. Abin da ya biyo baya ya fi aiken wuya.

Babanku ya fita daga kamfanin. Suka sa wani mai kuɗi daga Kano a gurbinsa. Aka kwashe kwalaye da sikeli, zaure ya koma zaure. Bai zage ni ba, bai ƙaurace wa ɗakina ba, bai rage cefane ba. Magana kawai ya rage. Ina kwana, lafiya lau, a dawo lafiya, Allah ya sa. Mutumin da ya cika min kunne har na riƙa addu'ar ya yi shiru, ya yi shirun, na rasa inda zan sa kaina. Ya daina zama a majalisarsu ta bakin kasuwa, don an bar kiransa Matuƙi an koma cewa matarsa ce ke riƙe da sitiyari. In rediyo na maganar jiragen sama yana saurara, ina shigowa sai ya murɗa tasha. Wannan murɗawar ta fi ci min rai fiye da komai. Sau da yawa na so in ce masa, bar shi mana, ni ma ina da kunne. Zumuncinsa da Alhaji Bello, na tun suna samari, ya koma gaisuwar jana'iza. Aminu, ka tuna hutun da ka dawo ka tambaye ni ko Baba ba shi da lafiya? To wannan ne ciwon. Na san ni na jawo, kuma da za a mayar da ni ranar, abin da na faɗa zan sake faɗa.

Su kuma 'yan kamfanin ba a dare ɗaya suka ga haske ba. Sun sake yin asara, biyu daga cikinsu suka janye, an yi shekaru ana faɗi-tashi. Amma ɗakin sanyin ya tsaya, motar ta zo, wasu masu kaya suka fara haya. Ba irin arzikin da kake hasashe ba ne, Aminu, ba wanda ya sayi jirgi a cikinsu. Amma abin ya yi, kamar yadda Babanku ya ce zai yi.

Ranar da za su yi lodi mafi girma tun da suka fara, Alhaji Bello ya aiko a gaya masa. Na ɗauka ba zai je ba. Da safe na ga ya fito da shiri, ya tsaya a ƙofar kicin.

"Ki ɗauko mayafinki."

"Ina za mu?"

"Ki ɗauko dai."

Muka shiga motar haya. Da muka isa filin jirgin ya ƙi shiga inda aka kafa rumfa da kujeru, ya ce ba zai zauna a bayan mutumin Kano ba. Ya ja ni muka tsaya a bakin wayar shinge, gefen titi, cikin rana, ni da ciwon gwiwa. Aka ce jirgin zai tashi da hantsi. Azahar ta yi bai tashi ba. Muka yi salla a gindin wata bishiya da ba ta da inuwar kirki. Na ce Alhaji, ashe har yanzu halin nasu na nan. Ya ci gaba da kallon titin jirgin. Na zauna a kan dutse ina fifita da gefen mayafi, ina tambayar kaina laifin me na yi wa jirgin sama da ya bi ni har tsufana.

Can wajen la'asar ya taho, ƙato, fari, ƙarar kamar za ta tsaga ƙirji. Ya yi gudu, ya ɗaga hanci, ya rabu da ƙasa. Babanku ya riƙe waya da hannu biyu yana binsa da kallo har ya zama ɗigo, har ya ɓace, bai sauke kai ba. Da ya juyo na ga fuskarsa, na kau da kaina, don ba ya son a gan shi haka.

A mota, da muka fara hango duwatsun Birnin Kudu, ya juyo gare ni.

"Da kin sayar, da yau muna cikin rumfar nan."

"Da na sayar, da ban ƙara iya shiga Fagam ba."

"Na sani."

"To."

Muka sauka a tasha, ya saya min rake, abin da ya daɗe bai yi ba, muka taka zuwa gida. Ya ci tuwo ya nemi ƙari. Bayan ranar ya bar murɗa rediyo, har yakan ce in zo in ji, ni kuma in ce ina da aiki, sannan in zo. Ba mu sake tayar da maganar lambu ba. Har Allah ya karɓi ransa bai ce na yi daidai ba, ni ma ban ce ya yi kuskure ba. Duk wanda ya ce muku ɗayanmu ya faɗi haka, ba a gidan nan ya ji ba.